GitPython na cika min sabar har ta tsaya: in koma pygit2 ne ko in gyara abin da ke hannuna?

Malamin_Yamma ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka.

Ina koyar da rubuta manhaja a wata cibiyar horaswa a nan Kano, ajin yamma, kuma zangon nan ɗalibai 58 gare ni. Kowannensu yana da ma'ajiyarsa ta Git (shirin da ke adana tarihin canje-canjen fayiloli) a shafin GitHub, nan yake tura aikin da zan duba in ba da maki. Da can da hannu nake bi, in buɗe ta wannan in rufe in buɗe ta wancan, daren Juma'a ya ƙare ban kai rabi ba. Shi ne na zauna na rubuta ɗan shiri da Python a kan laburaren GitPython, na ɗora shi a wata tsohuwar kwamfutar tebur mai Ubuntu da ke ofis, wadda muka mayar sabar.

Aikinsa ba wani mai yawa ba ne. Duk bayan awa 2 sai ya bi ma'ajiyoyin ɗaya bayan ɗaya: ya buɗe da `Repo(hanya)`, ya jawo sabon abin da aka tura da `fetch`, ya bi kwamit-kwamit ɗin (wato kowane canjin da ɗalibi ya adana a tarihin ma'ajiya) da `iter_commits`, a kowanne ya ɗauki sunan mai shi da lokaci da yawan layukan da ya ƙara ko ya goge ta `commit.stats`. Duk ina tara su a jeri guda domin ƙarshen mako in fitar da jadawali. Shirin ba ya tsayawa, `while True` ne, ya yi barci ya tashi ya sake zagaye.

To ga inda gizo ke saƙa. In na tayar da shi da safe, zagayen farko da na biyu lafiya lau, amma kafin la'asar sai in tarar ya mutu da `OSError: [Errno 24] Too many open files`. Da na duba abin da ke gudana a kwamfutar, sai na ga `git cat-file` jere reras sun fi ɗari, babu wanda ya rufe. Ko lokacin da yake raye ma nawa gare shi, zagaye ɗaya yana cin wajen minti 7, alhali duka-duka kwamit ɗin ajin ba su wuce 2,400 ba.

Akwai kuma wani abu da ke ci min rai ko da yake ƙarami ne. Ni nake ƙarfafa wa yaran nan su sa wa fayilolinsu sunan Hausa in sun so. Wata ɗaliba ta sa `ƙididdiga.py`, amma a jadawalina sai ya fito `"\306\231ididdiga.py"`. Ban so in ce mata ta cire ƙugiyar harafin don shirina ya gaza.

Wani aboki ya ce in watsar da GitPython in koma wani laburaren mai suna pygit2, wai shi ne na ƙwararru. Kafin in rushe aikin mako biyu ina so in ji daga waɗanda suka yi amfani da su biyun a aiki na gaske. Laifin laburaren ne ko na yadda na riƙe shi? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka.

Tsohon_Injiniya ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka rushe komai tukuna. Abin da ya same ka sananne ne, kuma maganinsa bai kai layi ashirin ba.

Farko dai a san mene ne GitPython. Mutane da yawa suna ɗauka shi yake karanta ma'ajiya da kansa. A mafi yawan abin da yake yi, ɗan aike ne kawai: ka ba shi saƙo da Python, ya je ya kira ainihin shirin `git` da ke kwamfutarka, ya karɓo amsa ya juya maka ita. Shi ya sa in babu git a kwamfuta ko shigo da shi ba za ka iya ba, zai ce maka `Bad git executable`. Michael Trier ne ya fara shi a 2008, daga baya Sebastian Thiel ya riƙe shi shekaru masu yawa, kuma yanzu gyaran kurakurai ake yi masa, ba sabon gini ba, shi Thiel ɗin hankalinsa ya koma kan gitoxide da yake rubutawa da Rust.

Waɗannan `git cat-file` da ka gani, kowane `Repo` da ka buɗe yana tayar da su ya bar su a tsaye, domin duk lokacin da ya buƙaci karanta wani abu ya miƙa musu ta bututu ba sai ya sake tayar da sabo ba. Dabara ce mai kyau, sai dai ba sa tafiya sai an kira `repo.close()` ko Python ya share abin daga ƙwaƙwalwa. Kai kuwa ka ce kana tara kwamit a jeri. Kowane kwamit na GitPython yana riƙe da igiyar `Repo` ɗin da ya fito daga ciki, saboda haka muddin jerin yana nan babu ranar da za a share su. Zagaye na gaba ka buɗe wasu 58 sababbi a kan na da. Linux kuma a al'ada ƙofa 1024 (wato fayiloli da bututun da ke buɗe a lokaci ɗaya) yake bari shiri ɗaya ya buɗe, duba da `ulimit -n` ka gani. Masu laburaren da kansu sun faɗa a takardar bayaninsa cewa bai dace da shirin da ke daɗewa yana gudana ba, domin yana zubar da albarkatun kwamfuta. Don haka rabin laifin nasa ne, rabi na jerin nan.

In kana son ganewa idonka, tayar da shirin ka riƙa ƙirga abin da ke cikin `/proc/lambar-shirin/fd` bayan kowane zagaye.

Gyara: buɗe da `with Repo(hanya) as repo:` domin ya rufe da kansa, kuma abin da za ka tara ya zama rubutu da lambobi zalla, ba kwamit ɗin kansa ba. Amma ni da zan ba ka shawara, cire `while True` ɗin gaba ɗaya. Bari shirin ya yi zagaye ɗaya ya mutu, ka ba `cron`, mai tayar da shirye-shirye a kan lokaci a Linux, aikin tayar da shi duk awa 2 da `0 */2 * * *`. Shirin da ya mutu ba ya barin komai a buɗe. Ga kuma ribar da mu nan muka fi kowa saninta: in aka ɗauke wuta aka dawo da ita, `cron` zai ci gaba ba tare da ka zo ofis ka tayar da komai ba. Haɗa shi da `flock -n` kada wani zagaye ya hau kan wanda bai gama ba ranar da intanet ta yi nauyi.

Maganar nawa kuma, `commit.stats` ne. Duk lokacin da ka taɓa shi sai ya tayar da sabon git ya kwatanta kwamit ɗin da na gabansa. Ka aiki yaro kasuwa sau 2,400 ke nan, kowace tafiya ya sayo albasa ɗaya. Rubuta masa cefanen a takarda ya je sau ɗaya:

`repo.git.log('--all', '--numstat', '--no-renames', '-z', '--format=%x1e%H%x1f%aN%x1f%aI')`

Kira ɗaya ga kowace ma'ajiya, sai ka yayyanka amsar da kanka a kan alamomin rabuwar nan, `%x1e` da `%x1f`. Wannan `-z` ɗin kuma shi ne maganin ƙugiyarka. Git a al'adarsa yana lulluɓe duk sunan fayil mai harafin da ba na ASCII ba, wato ba na Turanci zalla ba, ya rubuta shi da lambobi. Harafin ƙ a UTF-8 bayit biyu ne, su ne `\306\231` da ka gani, ɗ kuma `\311\227` zai fito. Da `-z` ba ya taɓa sunan. Ko ka kashe al'adar dungurungum da `git config --global core.quotepath false`. Ɗalibarka ba ta yi kuskure ba, ta bar sunanta yadda yake.

Ka kula da abu ɗaya: in fayil hoto ne ko makamancinsa, `--numstat` alamar `-` yake sawa a wurin lamba, in ka miƙa wa `int` kai tsaye zai fashe.

Maman_Ilham ta rubuta:

Injiniya ya gama magana a kan cutar, ba ni da abin ƙarawa. Amma tunda Malam ya tambayi pygit2, kuma da shi nake aiki kullum shekara uku ke nan, bari in faɗi nawa, don kada a ɗauka abokin nan nasa shirme ya faɗa.

pygit2 ba ɗan aike ba ne. Riga ce ta Python da aka sa wa libgit2, wato Git ɗin da aka sake rubutawa da C a matsayin laburare, wanda marigayi Shawn Pearce ya faro a 2008, mutumin da ya yi JGit na Java. Shi yake buɗe `.git/objects` da kansa, ya warware matsin zlib, ya karanta kunshin fayilolin, duk a cikin shirinka. Babu wani git da ake tayarwa a gefe, babu rubutun da za ka yayyanka. Ka ce `repo.walk(repo.head.target)` ka samu kwamit, ka ce `repo.diff(uba, kwamit).stats` ka samu lissafi. A wurin aikinmu muna da shafin da ke nuna tarihin fayil duk lokacin da mutum ya danna, yana gudana wata da watanni ba a kashe shi ba. Irin wannan aikin ba zan taɓa ba GitPython ba.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Tunda ba ainihin git ba ne, duk abin da ka saba git yana yi maka a ɓoye sai ka yi da hannunka. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne shiga ma'ajiya mai kulle. Git yana tuna kalmar sirrinka ta mataimakin da ka saita masa, yana kuma bin abin da ke `~/.ssh/config`. pygit2 da ka sauke da `pip` bai san wannan zancen ba, sai ka haɗa masa `RemoteCallbacks` ka miƙa masa mabuɗi ko alamar shiga da kanka. Ba ya gudanar da 'yan shirye-shiryen da ake sawa a `.git/hooks`, bai san Git LFS na adana manyan fayiloli ba, kuma sabon abu in ya shigo git yakan daɗe kafin ya iso. Kwafo ma'ajiya sama-sama da `depth`, abin da git ya daɗe da shi, sai a libgit2 1.7 na 2023 ya samu.

To Malam, aikinka jawowa ne daga GitHub da karanta tarihi sau ɗaya a awa biyu. A nan ainihin git ya fi kowa iyawa. In ka koma pygit2 za ka kashe kwana biyu a kan mabuɗi kafin ka dawo inda kake yau. Ranar da ka ce za ka gina wa ɗalibai shafin da kowa zai shiga ya ga ci gabansa nan take, ranar ka neme ni.

Inda na ɗan saba da Injiniya: in dai `repo.git.log` kaɗai za ka riƙa kira, to GitPython ɗin ma me yake tsinana maka? `subprocess.run` ya isa, ka rage kaya ɗaya a kanka.

Wani abu da na tabbata za ka ci karo da shi in ba ka riga ka ci ba: sunaye. Yaran da ke aiki a kwamfutar ɗakin karatu ko ta aro, kwamit ɗinsu zai fito da `user` ko `Admin` ko sunan yayansu. Yi fayil ɗaya na `.mailmap` da ke haɗa kowane imel da sunan gaskiya, ka nuna wa git shi da `mailmap.file`. Wancan `%aN` mai babban N da Injiniya ya rubuta yana bin wannan fayil ɗin, mai ƙaramin n ba ya bi.

Ɗan_Ajin_2022 ya rubuta:

Allah gafarta Malam, ina gaisuwa. Na zauna a ajinka shekarun baya, na gane ka daga maganar sunan fayil da Hausa. Manya sun yi magana, ni abu biyu ne nawa.

Na farko akwai laburare na uku da ba a ambata ba, Dulwich, wanda Jelmer Vernooij yake kula da shi. Shi da Python aka rubuta shi, ba ya neman git a kwamfuta kuma ba ya neman libgit2, shi ne ma hg-git yake amfani da shi wajen haɗa Mercurial da Git. Na yi amfani da shi a wani wuri da kwamfutocin Windows ne kuma ba a ba mu ikon saka sabon shiri ba, amma akwai Python. `porcelain.clone` da `get_walker` suka fitar da ni kunya. Abin lura, sunan marubuci da saƙon kwamit a bayit yake ba ka su, sai ka yi `decode` da kanka, in ba haka ba ƙugiyoyin nan za su sake rikicewa. Ga sabar ɗinka ba ka buƙatarsa, na faɗa ne saboda masu karatu.

Na biyun shi ya sa na yi rubutun. Malam, don Allah kada lokacin da ke jikin kwamit ya zama shi ne hujjar cewa ɗalibi ya makara ko bai makara ba. Wannan lokacin ba GitHub ke sa shi ba, agogon kwamfutar ɗalibin ne. Ni a lokacin kwamfutar gwanjo gare ni, ɗan batirin da ke riƙe agogonta ya mutu, duk sanda caji ya ƙare sai kwanan wata ya koma shekarun baya, kuma ba kullum nake da data da za ta gyara kanta ba. Akwai aikina da ya fito kamar na yi shi tun kafin in shiga makarantar. A ɗaya gefen kuma, mai wayo zai iya sa duk lokacin da ya ga dama da `GIT_AUTHOR_DATE` da `GIT_COMMITTER_DATE`, ya yi aiki ranar Litinin ya fito na Alhamis ɗin da ta wuce. Marar gata ya cutu, mai wayo ya tsira.

Agogon da za ka yarda da shi naka ne. Daidai lokacin rufe karɓar aiki, sabar ta jawo komai ta adana. Abin da ke ciki ya shigo a kan lokaci, abin da babu bai shigo ba. `git bundle create suna.bundle --all` zai dunƙule maka duk tarihin a fayil ɗaya, ko ɗalibi ya sake rubuta tarihinsa ya tura da ƙarfi daga baya, naka yana nan. Wanda kuma datarsa ta ƙare ranar rufewa zai iya yin wannan dunƙulen a kwamfutarsa ya kawo maka a filashi, ka yi `git clone` daga fayil ɗin kamar daga intanet.

Malamin_Yamma ya rubuta:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi mai amfani. Na bari sai da na gwada kwana uku kafin in dawo.

Ranka ya daɗe Injiniya, yadda ka faɗa haka yake. Na ƙirga ƙofofin kafin in taɓa komai, kowane zagaye suna ƙaruwa da fiye da 300, ba sa raguwa ko ɗaya. Na cire madaukin `while True` ɗin, na mayar da shi `cron`, na sa kira ɗaya na `log`. Karanta tarihin ajin duka yanzu bai kai daƙiƙa 20 ba, sauran lokacin jiran intanet ne wajen jawowa. `ƙididdiga.py` ya fito da ƙugiyarsa, na nuna wa mai shi jiya ta yi murna.

Abu biyu suka tare ni a hanya, na rubuta saboda wanda zai biyo baya. Da na sa aikin a `cron` na wani asusu daban da wanda ya kwafo ma'ajiyoyin, git ya ƙi taɓa su, yana cewa `detected dubious ownership`. Ashe tun fitowar 2.35.2 a Afrilun 2022 git ba ya yarda da ma'ajiyar da wani asusun ya mallaka. Ana iya ba shi izini da `safe.directory`, amma ni na mayar da mallakar foldar ga asusun da ke gudanar da aikin, ya fi min kwanciyar hankali. Na biyu, jadawalin farko ya nuna wani yaro ya rubuta layi sama da dubu ɗari a rana ɗaya. Da na duba, foldar `node_modules`, inda ake tara laburaren da aka sauke, ya tura gaba ɗaya. Na ƙara `':(exclude)node_modules'` da na `venv` a ƙarshen kiran, kuma darasin Talata mai zuwa a kan `.gitignore` ne, fayil ɗin da ke faɗa wa git abin da ba zai ɗauka ba.

Malama, na bar GitPython ɗin dai, domin ina amfani da shi wajen gane ko reshen ɗalibi `main` ne ko `master`, ajin nawa a gauraye suke, da kuma kama ma'ajiyar da ba a tura komai cikinta ba. Fayil ɗin `.mailmap` ya haɗa min mutum 11 da suke fitowa da suna biyu ko uku. Maganar shafin ɗalibai tana raina, in lokaci ya yi zan ƙwanƙwasa ƙofa.

Kai kuma ɗana, maganarka ce ta hana ni barci. Zangon da ya wuce na rage wa wata ɗaliba maki 5 saboda lokacin kwamit ɗinta ya nuna ta makara da kwana biyu. Ta rantse min ta tura a kan lokaci, ni kuma na ce mata kwamfuta ba ta ƙarya. Na nemo ta shekaranjiya na ce ta kawo kwamfutar, muka kunna a gabana, agogonta yana gaba da kwana biyu da 'yan awoyi. Na rubuta wa ofishin jarrabawa a mayar mata da makinta, na kuma ba ta haƙuri a gaban 'yan ajinsu tunda a gabansu na faɗi waccan maganar. Daga zangon nan ƙarfe 12 na daren Alhamis sabar take dunƙule komai, kuma na cire shafin lokaci daga jadawalin maki gaba ɗaya.

Tsohon_Injiniya ya rubuta:

Madalla Malam, Allah ya saka maka a kan yarinyar nan.

Saura abu ɗaya da ban tambaya ba tun farko. Adireshin ma'ajiyoyin nan, kai kake rubuta su ko ɗalibai ke cikawa a fom shirin ya ɗauka? In su ke cikawa, duba fitowar da kake da ita da `pip show GitPython`. Waɗanda suka gabaci 3.1.30 suna da ɓaraka mai lamba CVE-2022-24439: in aka ba `clone_from` adireshin da ya fara da `ext::`, ana iya sa shi ya gudanar da umarni a kan sabar ɗinka. Sabunta shi, sannan ko da sabon ne kada shirin ya karɓi adireshin da bai fara da `https://github.com/` ba.

Malamin_Yamma ya rubuta:

Su ke cikawa a fom, ranka ya daɗe, kuma nawa tsoho ne, bai kai wannan lambar ba. Na sabunta yanzun nan, na sa tacewar, na kuma bi adireshi 58 ɗin da ido ɗaya bayan ɗaya. Duk na GitHub ne, in ban da guda ɗaya da mai shi ya manna adireshin shafinsa maimakon na ma'ajiyar, na tura masa saƙo ya gyara kafin Alhamis.